A fasa ko a gyara? Abin da ke kashe daɓen manyan gine-gine a Legas

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta amince a kashe sama da naira biliyan 700 wajen sabunta tsohon ginin filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja, wanda aka buɗe tun 1979. Kafin nan an ɗauki shekaru ana aikin farfaɗo da babban ɗakin wasanni na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka kammala a 1976 saboda FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977. Duk sa'ad da irin wannan labari ya fito, sai ka ji mutane suna tambaya: me ya sa gine-ginenmu ke saurin tsufa, kuma dole ne sai an fasa kafin a ce an yi gyara?

Ba a Ikeja da Iganmu kaɗai ake wannan tambaya ba. Ana yin ta a kwamitin masallacin unguwa a Agege, ana yin ta a taron 'yan filaza a Mile 12 da Idumota, kuma yawanci daga ƙasa take farawa, daga abin da ake takawa. Daɓe ya dushe, ya yi baƙi-baƙi, wani wuri ya tsage. Sai wani ya miƙe ya ce, "Alhaji, wannan tarazon ai ya gama yayi. A farfasa shi a sa tayil irin na banki." Kowa ya gyaɗa kai, a yi karo-karo. Bayan 'yan shekaru tayil ɗin ya fara amo kamar ganga idan an taka, wani ya ɗago, wani ya fashe, a sake kiran taro.

Na zauna a irin wannan taro a wani masallaci da ke ɓangaren Agege, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda aka kusa yanke wa daɓen hukunci ba tare da wani ya tambayi me ya same shi ba. Dushewa daban, mutuwa daban. Mafi yawan daɓen da ake farfasawa a Legas da sauran ransa. Abu uku ne ke cin sa, ruwa daga ƙarƙashi, yashi daga waje, da kuma abin da ake zubawa cikin bokitin wanki. Idan ba a taɓa waɗannan ba, duk abin da aka shimfiɗa sabo hanyar na da zai bi.

Daɓe mai jiki da daɓe mai fata

Wanda ya tashi a karkarar Arewa ya san daɓe na asali. Mata su taru da madaɓai, a baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu ana waƙa, daga bisani a shafe da ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi tauri ta yi duhu mai sheƙi. Iyayenmu mata ba su taɓa ɗaukar daɓe abin da za a yi sau ɗaya a manta da shi ba. Idan ya fara tonuwa sai a sake bi ta kansa. Zuwan siminti ne ya sa muka ɗauka cewa an gama da wannan ɗawainiya.

A manyan gine-ginen Legas akwai daɓe iri-iri, amma za a iya raba su gida biyu, kuma wannan rabo shi ne ginshiƙin maganar gaba ɗaya.

Gida na farko shi ne mai jiki. Tarazo na nan ciki. Sana'a ce da ta fito daga Italiya: a gauraya ɓarɓashin dutsen mabul da siminti, a zuba, a raba shi gida-gida da siraran layukan tagulla ko gilashi ko roba, idan ya kama a gurje shi da inji har ƙwayoyin dutsen su bayyana. Kaurin saman kan kai milimita 12 zuwa 15, kuma adon da kake gani a sama haka yake har ƙasansa. Shi ya cika tsofaffin makarantu da asibitoci da ma'aikatu da masallatan da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1980. Sai mabul da giranit, waɗanda duwatsu ne da aka yanka fale-fale. A ido suna kama da juna, amma halinsu ya sha bamban. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, mabul na wajen 3, giranit kuwa 6 zuwa 7. Muna da mabul namu a ƙasar nan, a Igbeti ta jihar Oyo da Jakura ta jihar Kogi da Okpella ta jihar Edo. Sai kuma kankare gogagge, irin wanda ake gani a manyan sito-sito da masana'antun Apapa da Ikeja. Duk waɗannan idan fuskarsu ta lalace ana iya aske ta a fito da sabuwa.

Gida na biyu shi ne mai fata. Galibin tayil haka yake: yumɓu ne gasasshe, adon da sheƙin duk a wata siririyar fata suke da ke samansa. Ran da fatar ta cinye, shi ke nan, sai canji. Haka ifoksi, wannan ruwan roba mai kama da fenti da ake malalawa a kan kankare, haka ledar ƙasa mai kauri ta asibitoci. Ba wai ba su da amfani ba. Kowanne da inda ya fi dacewa. Amma wanda ya farfasa tarazo mai lafiya ya sa tayil, ya ba da abin da za a iya sabuntawa sau da dama ya karɓi abin da rai ɗaya gare shi.

Ruwan da ba a gani

Ruwan saman da ke sauka a Legas ya haura milimita 1,500 a shekara, kusan ninkin na Kano. Yana zuba daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba, iska kuma ba ta rabuwa da laima. Ga shi ƙasar kwance take. A Victoria Island da Ikoyi da Lekki da Apapa, wurare da yawa cike su aka yi da yashi, ba sai ka yi haƙa mai zurfi ba za ka tarar da ruwa. Waɗanda suka ga ambaliyar Yulin 2011 da ta Yulin 2017 sun san yadda ruwa ya kwana a cikin shaguna da ofisoshi. Maginin da ya koyi aiki a Kano ko Sakkwato, inda ƙasa ke shafe watanni a bushe ƙayau, idan ya zo Legas da wannan sabo zai sha mamaki.

Kankare, duk taurinsa, cike yake da 'yan ƙananan ƙofofi, yana jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Shi ya sa ake shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren ƙasan gini, abin da magina ke kira jaman fulo. Inda aka tsallake ledar, ko aka sa mai araha ta yayyage tun wajen zuba kankare, danshi zai yi ta hawowa har ƙarshen rayuwar ginin. Alamarsa ita ce wani farin gari kamar kanwa da ke fitowa a bakin layukan tayil. A share yau, jibi ya dawo. Idan kuma da yashin bakin teku aka yi aikin ba a wanke shi ba, gishirin da ke cikinsa ya ƙara dagula lamarin.

Sai gaggawa. Kowa ya haddace cewa kankare na son kwana 28 kafin ya yi ƙarfi, amma ƙarfi daban, bushewa daban. Shafen siminti da ake yi kafin a ɗora tayil ko ifoksi yana bushewa ne kimanin milimita ɗaya a rana idan yanayi ya yi kyau, wato mai kaurin santimita 5 na neman kusan wata biyu, a daminar Legas ma fiye. Mai gini kuwa so yake a buɗe kafin Sallah ko kafin kasuwar Disamba. Sai a rufe ruwa a ciki. Ifoksi ne ya fi saurin tona asiri, ya kumbura ƙuraje-ƙuraje kamar wanda ya ƙone, daga nan ya fara saluɓewa.

A masallacin da na ambata, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin tarazo ne ya raba mana gardama. Bai zo da na'ura ba. Leda ya yanka guda uku, kowacce kamar rabin mita, ya shimfiɗa ɗaya a sahun gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da ƙofar wurin alwala, ya liƙe gefunansu da salatif ba ta inda iska za ta shiga. Ya dube ni ya ce, "Malam, gobe war haka ka zo mu duba tare." Washegari biyu na farko a bushe suke. Ta ukun kuwa ƙasanta ya yi gumi, tarazon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu. Aka bi sawu, ashe bututun ruwa ne ke tsiyaya a cikin bango, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Da an sa tayil a wurin, da an binne ciwon ne kawai.

Tayil ɗin da ke ɗagowa ya yi tsini kamar bukka, wani lokaci da ƙara mai firgitarwa, shi ma da dalilinsa. Tayil da kankare suna buɗewa da zafi su tsuke da sanyi, kuma ba tare suke motsi ba. A babban fili ana bukatar a bar layin numfashi, wanda ake cikewa da abu mai taushi, kimanin kowace mita 6 zuwa 8, a kuma bar ɗan rata a jikin bango. Masu gini da yawa ba sa son ganin layi, sai su ce a matse. Ga kuma dabarar wasu masu sa tayil ta ɗiga siminti wuri biyar a bayansa maimakon a shafe shi duka, ƙarƙashi ya zama kogo. Tayil mai tauri da ake kira fosilin, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, siminti zalla ba ya riƙe shi da kyau, sai da gam ɗinsa na musamman. Ɗauki makulli ka bi kana ƙwanƙwasawa. Inda ya kama za ka ji sauti a dunƙule, inda kogo ne za ka ji ƙwal-ƙwal.

Yashi a tafin takalmi, asid a cikin bokiti

Ƙwayar yashi taurinta 7 ne a ma'aunin Mohs, mabul kuwa 3. Ke nan duk wanda ya shigo da yashi a takalminsa, da takardar gurza ya shigo. Mutum dubu su wuce a yini, kwana ɗari uku da sittin da biyar. Shi ya sa za ka ga hanya ta fito a daɓe daga ƙofa zuwa kanta, ta dushe, alhali lungunan da ba a takawa suna nan da sheƙinsu. Maganin wannan shi ne mafi araha a duk harkar, kuma shi aka fi rainawa: shimfiɗar goge ƙafa a bakin ƙofa. Ba 'yar guntuwa da ake tsallakewa da taku ɗaya ba. Doguwa, wadda mutum zai yi taku shida zuwa takwas a kanta kafin ya hau daɓe, mai kaushi a waje don kankare taɓo, mai shan ruwa a ciki. A nan masallatai sun yi sa'a, tunda a waje ake tuɓe takalma, shi ya sa tarazonsu ke daɗewa fiye da na kasuwa. Filaza kuwa ban da takalma ga baro mai ƙafar ƙarfe, ga jan janareta da tukunyar gas a ƙasa, ga 'yan dako suna dire kaya da ƙarfi.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne asid. Ana sayar da shi a jarka da gorar ruwa, ba suna ba bayani, a ce maganin wanke tayil ne. Asalinsa magina ke amfani da shi su cire ragowar siminti bayan an gama aiki. Mabul da ƙwayoyin da ke cikin tarazo dangin alli ne da farar ƙasa, asid narkar da su yake yi, kuma yana cin simintin da ya riƙe su. Wannan kumfa da ke tashi idan an zuba, wadda ake murna da ita ana cewa datti na fita, dutsen ne ke narkewa. Ranar farko ƙasa ta yi fari tas. Bayan mako guda ta fi da baƙi, domin fuskar ta zama kaushi, ƙofofinta sun buɗe, datti ya samu wurin zama. Sai a ƙaro asid. Haka za a yi ta yi har ƙwayoyin dutse su fara zubewa. Ko lemon tsami da zoɓo da lemon kwalba, idan suka zube a kan mabul aka bar su, sai sun bar tabo. A kan tayil kuma asid na cinye cikon da ke tsakaninsu, ruwa ya samu hanyar shiga ƙasa.

Wata safiya a wata filaza na tarar da wata baiwar Allah tana wanke matakala, hayaƙi-hayaƙi na tashi daga bokitinta, tana tari tana kawar da kai. Ba safar hannu, ba takalmin roba, yatsunta duk sun tsattsage. Na ce, "Baiwar Allah, me kika haɗa a nan?" Ta ce, "Baba, abin da aka ba ni ke nan. An ce in ƙasa ba ta yi fari ba za a yanke mini albashi." Asid ne ta gauraya da bilic, ruwan nan na faranta tufafi. Wannan haɗi iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona ido da huhu, a rufaffen banɗaki tana iya kayar da mutum. Ba laifinta ba ne. Laifin wanda ya ɗauke ta aiki ne bai koya mata ba, bai ba ta kariya ba, kuma yake auna aikinta da farin ƙasa.

Abin da daɓen dutse ke so ba shi da wuya. A fara share yashi a bushe kafin ruwa ya taɓa ƙasa. A yi amfani da sabulun ruwa marar kaifi, wanda ba asid ba kuma ba mai kanwa-kanwa ba, kaɗan a cikin ruwa mai yawa. Garin sabulun wanki yana barin wani yauƙi da ke kama ƙura, ya kuma yi santsi idan ya jiƙa. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye mofa, a riƙa zubar da ruwan da zarar ya yi duhu. Mai goge zaure guda da bokiti ɗaya raba datti kawai yake yi daidai wa daida.

Yadda ake dawo da tsohon tarazo

Ana farawa ne da toshe inda ruwa ke shigowa, in ba haka ba aikin banza ne. Sannan a kankare tsohon man sheƙi da aka yi ta shafawa shekara da shekaru har ya zama rawaya. A buɗe tsagogi a cike su, a faci ramuka da siminti ko gam da aka gauraya da ɓarɓashin dutse mai kama da na asali. Daga nan inji ya hau.

Injin gurza abu ne mai nauyi, a ƙarƙashinsa akwai faya-fayai masu ƙwayar daimon, kuma lamba-lamba ne. Ana farawa da mai kaushi, lamba 30 ko 50, wanda ke aske fuskar da ta mutu, abin da bai fi milimita ɗaya ko biyu ba. Sai a shafa ruwan siminti a toshe 'yan ramukan da suka buɗe, a bar shi ya kama. Sai 100, 200, 400, 800, mai son sheƙi kamar madubi ya kai har 1500 da 3000. Kowace lamba goge zanen wadda ta gabace ta take yi, saboda haka mai aikin da ya tsallake biyu don ya gama da wuri, rana na haskowa za ka ga zane zagaye-zagaye a ƙasa. A ƙarshe a shafa maganin da ke nutsewa cikin dutsen ya hana shi shan mai da ruwa.

Na ga an yi wannan a masallacin nan, bayan sallar isha'i, sahu-sahu, ba a fasa jam'i ko sau ɗaya ba. Janareta na ruri a waje, yaro ɗaya na zuba ruwa, inji na tafiya a hankali, wani abu kamar kunun toka na malala. Da aka ja shi gefe da roba aka ɗauraye, sai ga ƙwayoyi kore da ja da baƙi da fari sun fito, layukan tagulla na walƙiya. Wani tsoho da ya fi shekara 30 yana sallah a wurin ya durƙusa ya shafa da tafin hannunsa, ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka yake?"

Akwai abubuwan kiyayewa. Wannan kunun toka kada a tura shi kwata, daskarewa yake yi ya toshe ta, kuma Legas ba ta bukatar ƙarin kwata a toshe. Gurza a bushe ba tare da injin zuƙar ƙura ba yana tayar da ƙurar dutse da siminti, wadda ke taruwa a huhu ta haddasa ciwon da ba ya warkewa, kuma yaran da ke tura injin ne ke shaƙa. Sannan a tsofaffin ofisoshi da asibitoci, 'yan ƙananan falayen roba da aka liƙa kafin shekarun 1980 suna iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo sankarar huhu. Irin wannan ba a hau masa da inji sai an gwada.

Ga masu mabul, akwai wani aiki na gaggawa da otal-otal ke so, a fesa magani a bi da inji mai audugar ƙarfe, cikin dare ɗaya ƙasa ta ɗauki ƙyalli. Kwalliya ce. Ba ta cire zane mai zurfi, ba ta gyara ramin da asid ya ci.

Hujjar masu cewa a fasa

Ba za a ce ba su da abin faɗa ba. Masu sa tayil sun cika gari, ƙwararrun tarazo kuwa sun yi ƙaranci, da yawansu sun tsufa ba su bar magada ba. Tayil ana yin sa a nan gida, a jihohin Ogun da Kogi, ka shiga kasuwar kayan gini ta Coker a Orile ka zaɓi kalar da kake so. Faya-fayan daimon da magungunan dutse kuwa daga waje ake shigo da mafi yawansu, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗinsu ya yi sama. Facin tarazo da wuya ya ɓace ɗungurungum, mai ido zai gane. Ɗan kasuwa kuma ya san mai saye na son ganin sabon abu. Akwai ma inda fasawar ce gaskiya: idan ƙasan ginin ya zauna daɓe ya karye, ko tarazon ya rabu da kankaren da ke ƙarƙashinsa a fili mai faɗi, ko an cinye shi har an kai ga shafen ƙasa. Haka banɗaki da wurin girki da ɓangaren masu nama da kifi, waɗannan tayil mai kaushi suke so, da gangara mai kai ruwa magudana.

Sai dai akwai lissafin da ba a cika kawowa a taro ba. Fasa daɓe na nufin rufe shaguna na makonni, da kuɗin kwashe ɓaraguzai a garin da motar ɗiban kaya ke yini a cunkoso. Ɗora tayil a kan tarazo kuma na ƙara wa ƙasa tsawo, sai an yanke ƙofofi, matakin farko na bene ya gajarce ya riƙa sa mutane tuntuɓe. Akwai kuma maganar da ba a faɗa da ƙarfi: sabon aiki kwangila ce babba, ana yanka kirtani a ɗauki hoto, kula da na da kuwa ba wanda ke yi masa biki. A ganina, duk zauren da dubban ƙafafu ke bi kullum, in dai tarazonsa ya kama ƙasa da kyau, gyara ya fi, nesa ba kusa ba.

Wa ke faɗuwa idan ƙasa ta yi santsi

Tayil mai ƙyalli a bakin ƙofa kyan ɗan maciji ne. Ranar da aka yi ruwa, mutane suka shigo da laima tana ɗiga, wurin ya zama tarko. Matashi ya zame ya tashi ya kakkaɓe riga. Tsohuwa ta zame ƙugu ya karye, wataƙila ba ta ƙara tafiya da ƙafarta ba. Mai juna biyu, mai sandar dogarawa, makaho, su ne ke biyan kuɗin adon da wani ya zaɓa. A kwalin tayil mai inganci akan rubuta lambar riƙon ƙafa, daga R9 zuwa R13, kuma yadda lambar ta ƙaru haka riƙon ke ƙaruwa. R9 na busasshen ɗaki ne. Bakin ƙofa da wurin alwala da gangara suna son abin da ya fi haka. Tarazo ma a irin waɗannan wurare gara a tsaya a lamba 400, a haƙura da madubi.

Dokar hana nuna bambanci ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011. An yi gangarori da dama saboda masu keke, amma sau nawa ka ga an lulluɓe gangarar da tayil mai santsi, har mai lafiya ma sai ya dafa bango?

Kafin kwamiti ya sa hannu

A ƙarshe kuɗin daga aljihun talaka yake fita, ko ta kuɗin hidima da ake ɗora wa mai shago duk shekara, wanda shi ma zai ɗora a kan kaya, ko ta asusun masallaci da ake tarawa ranar Juma'a. Saboda haka masu biya na da haƙƙin tambaya. A sa ɗan kwangila ya yi gwaji a fili kamar mita biyu kowane gefe, a wurin da ya fi lalacewa, a zuba masa ruwa a taka a gani, kafin a ba shi ko sisi na babban aiki. A tambaye shi lambobin da zai bi, da inda zai zubar da ruwan gurza, da abin da yaransa za su sa a hanci da hannu. In tayil za a sa, a nuna wa kwamiti inda layukan numfashi za su bi, a kuma ajiye rarar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a sito, domin bayan shekara biyu da wuya a sake samun kalar.

Mu dai a masallacin nan, bayan an gyara bututu an gurje tarazo, ragowar kuɗin da aka tara don tayil aka sayi doguwar shimfiɗa mai shan ruwa daga wurin alwala zuwa ƙofa, da bokitai biyu, da safar hannu. Dattijon ya zauna da yaran da ke shara ya nuna musu yawan sabulun da za su riƙa zubawa, murfin gora ɗaya a bokiti. Jarkar asid da aka tarar a bayan ƙofar sito kuwa, shi ya ɗauke ta da hannunsa ya fita da ita.